Daga Tufkar Igiya Zuwa Injin Yankan Itace: Makafi da Sana'ar Hannu a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya shiga majalisar dattawa a Gwadangaji ya ce akwai makahon da ke tayar da injin yankan itace ya datsa gungume da hannunsa, amsar farko da zai samu ita ce, "Haba Malam! Mai ido ma yaya ya ƙare da wannan inji?" Kuma tambayar tana kan hanya. Injin nan da ake jin kukansa a bayan gari, idan ana datsa dogon yaro ko wani tsohon gawo da iska ta kayar, ya raba masu ido da yatsunsu, ya bar wa wasu tabon da za su shiga kabari da shi. Duk da haka akwai makafi a duniya da ke aiki da shi, kuma ƙasar Hausa tana da tsohon tarihin makafi masu cin guminsu, wanda ya kamata a waiwaya kafin a yanke hukunci.

Gwadangaji gari ne a gefen Birnin Kebbi, wanda birnin ya yi ta matsowa yana haɗewa da shi tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, har aka kafa sakatariyar gwamnatin jiha a can. Amma ofis baƙo ne a wannan ƙasa. Abin da ya riƙe mutanen kwarin Rima tun kaka da kakanni shi ne fadama: shinkafa, kifi da dabbobi. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan kuwa yana cin itace da igiya. Shinkafa tana son turmi da taɓarya da itacen turara ta. Kifi yana son kwale-kwale da itacen banda. Dabba tana son turke da dabaibayi, rijiyar da za a shayar da ita tana son igiyar guga.

Tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, ƙarfin Kabi yana haɗe da ruwa, har ana ba da labarin cewa Kanta yana da jirgin da aka lulluɓe da tagulla wanda yake zagaya ƙasarsa da shi idan gulbi ya kawo. Birnin Kebbi ya faɗa hannun rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, sarautar Kabawa ta koma Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Bikin kamun kifin Argungu a yadda aka san shi yau ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934. A duk waɗannan ƙarnuka, sarauta ta sauya hannu, birane sun tashi sun faɗi, amma masassaƙi yana nan da gatarinsa da gizagonsa, yana fafe maɗaci ya zama jirgi, yana sassaƙa ƙirya ta zama turmi, yana fitar da akushi da ƙota da allo.

Sassaƙa sana'ar gado ce, kuma ta masu ido. Makaho yana da tasa.

Baturen nan Hugh Clapperton, da ya zauna a Kano a farkon 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa. Ya yaba tsabtarta da kyawun ginin ɗakunanta. Ya ce sarki yana ba su wani kaso, suna kuma bara a kasuwa, kuma ba a barin kowa ya zauna a unguwar sai makaho da bayinsa, in ban da mai ido ɗaya da akan karɓa jefi-jefi. Wannan shaida ce ta shekara 200 cewa makafin ƙasar Hausa jama'a ce mai tsari da shugabanci. Sarautar Sarkin Makafi, wadda ake samu a manyan garuruwan Hausa tare da ta Sarkin Guragu da ta Sarkin Kutare, tana nan har gobe. Shi ke sasanta rigima tsakanin mutanensa, shi ke saukar da makaho baƙo, ta hannunsa sadaka da zakka ke bi idan fada ko attajiri ya fitar.

Sana'ar da aka fi sanin makafi da ita kuwa ita ce tufka. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake yin igiya ba zai ɗauka aikin zaman banza ne, alhali aiki ne mai matakai. Sai an jiƙa rama a ruwa ta ruɓa an ɓare zarenta, ko an ɗaye ɓawon kuka an daddake shi, ko an tsattsaga kabar goruba. Sannan a murza sili biyu a cinya ko tsakanin tafuka, kowanne ana juya shi gefe ɗaya ana naɗe su ta ɗaya gefen, ana ƙara sabon zare kafin tsohon ya ƙare, yadda ba za a ga mahaɗi ba kuma kaurin ba zai sauya ba daga farko har ƙarshe. Igiyar da kaurinta ya bambanta a wuri ɗaya, nan za ta tsinke ranar da guga ya cika. Yatsa ke gane wannan tun kafin ido ya lura, shi ya sa masu saye ba su raina igiyar makaho ba. Akwai kuma abin da akan manta: matufki ba ya rabuwa da wuƙa mai kaifi a gefensa. Da ita yake tsaga kaba, da ita yake datse bakin igiya, kuma babu wanda ya taɓa cewa a ƙwace ta don ba ya gani. Yana ajiye ta wuri ɗaya kullum, bakinta yana kallon gefe ɗaya, hannunsa ya san inda take kamar yadda ya san hanyar bakinsa.

Ɗayar hanyar ita ce ta ilimi da waƙa. Musulmin ƙasar nan sun tashi da labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Makafi da yawa sun haddace Alƙur'ani da waƙoƙin wa'azi, suna bi ƙofa-ƙofa suna rerawa, ta haka waƙoƙin malamai suka shiga kunnen matan kulle da ba sa zuwa zaure. Birnin Kebbi ma ta fitar da nata gwani, Audu Makaho Birnin Kabi, wanda aka sani da waƙarsa ta Tabuka, wadda masana adabin Hausa ke nazari a jami'o'i. A Zariya kuma aka yi Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta. Bara tana cikin wannan rayuwa, ba a ɓoye ba. Amma a da, ga makafi da yawa, bara ƙari ce a kan wani abu da suke yi.

Me ke makantar da mutane a wannan yanki? A da agana ce kan gaba, kafin a kawar da ita daga duniya, abin da aka tabbatar a 1980. Sai ƙyanda, wadda ke cinye idon yaron da bai samu abinci mai kyau ba, da amodari mai juya gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta yi fari. A kudancin jihar, inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, akwai makantar bakin kogi da wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, wadda maganin Mectizan da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987 ya karya lagonta. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum wajen miliyan 1.13, kuma Arewa maso Yamma ta fi kowace shiyya yawansu. Yanar ido ita ce ta haddasa kashi 43 cikin 100, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar.

Waɗannan alƙaluma suna ɗauke da wata magana da ta shafi sana'a kai tsaye. Yanar ido da hawan jinin ido cututtukan girma ne. Ma'ana, da yawa daga cikin makafin yau ba a haife su a haka ba. Manomi ne, ko masunci, ko kafinta, ko mai faskare, wanda ya yi shekara 30 yana aikinsa sannan duhu ya rufe shi. Mai yana, aikin tiyata na ɗan lokaci kan dawo masa da gani. Mai hawan jinin ido kuwa abin da ya tafi ya tafi. Irin wannan mutum sana'arsa tana nan a hannunsa, amma ranar da aka tabbatar ba ya gani, 'ya'yansa za su tattara gatari da gizago su ɓoye, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ce, "Baba, ka huta, ka yi naka." Ƙauna ce ta sa su, babu shakka. Sai dai hutun nan yakan zama kurkuku, kuma idan gidan ba shi da ƙarfi, ƙarshensa a haɗa tsoho da jikansa ɗan jagora, yaron ya bar makaranta, su biyu su shiga kasuwa da ƙoƙo.

Taimakon zamani ya zo ne ta hannun mishan da Turawan mulki. Mishan ɗin SIM ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA, kuma mutane daga ƙasar Sakkwato da Kabi har da Nijar sun daɗe suna zuwa can. John Wilson, Baturen Ingila da ya makance yana ɗan shekara 12 sakamakon fashewar sinadari a makaranta, ya zagaya Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kafa ƙungiya a 1950 wadda ita ce Sightsavers ta yau, mai aiki a Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A 1953 mishan ɗin SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, ta farko a Nijeriya, inda marigayi Bitrus Gani-Ikilama ya yi karatu kafin ya zama ƙwararren likitan gashi a asibitin koyarwa na Zariya. A ƙarshen shekarun 1950 aka kafa cibiyar koya wa makafi noma a Legas. Iyaye Musulmi da yawa sun yi ɗari-ɗari da makarantar mishan, sai daga baya gwamnatocin jihohi suka buɗe nasu, irin ta Tudun Maliki a Kano da makarantar Abdulrashid Adisa Raji a Sakkwato. Daga irin wannan hanya ta boko aka samu makafi kamar marigayi Farfesa Jibrin Isa Diso na Jami'ar Bayero.

Alherin waɗannan makarantu ba ya musantuwa. Amma ta fuskar aikin hannu, sun tsaya ne a kan abin da suke ganin ba zai yanki kowa ba: saƙar kujera, kwando, tabarmar goge ƙafa, tsintsiya. Ana cikin haka kasuwa ta juya. Igiyar roba ta kamfani ta shigo, mai araha, mai jure ruwa, ta kori ta rama daga bakin rijiya da bakin gulbi. Tabarmar roba ta danne ta kaba, kujerar roba ta danne ta saƙa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na tsakiyar 1980 ya turo mutanen karkara cikin birane, masu ido da makafi baki ɗaya. Sana'ar da ta riƙe makaho ɗaruruwan shekaru ta tsuke cikin ƙarni guda, ba a musanya masa da wata ba. Wanda ya ga makafi jere a bakin masallacin Juma'a ya ce haka Allah ya halicce su da son bara, bai san wannan tarihi ba.

Ita ma sana'ar itace ta sauya a daidai wannan lokaci, amma ta wata fuska, domin inji ya shigo mata.

Asalin zarto mai sarƙa abin mamaki ne: likitoci ne suka fara ƙirƙiro shi. Wasu likitoci biyu 'yan Sukotlan, John Aitken da James Jeffray, sun yi amfani da ƙaramar sarƙa mai haƙora wajen yanka ƙashi a ƙarshen ƙarni na 18. Sai a 1926 Andreas Stihl na Jamus ya ƙera na yankan itace mai aiki da lantarki, Emil Lerp ya fitar da mai fetur a 1927, Stihl ya biyo da nasa mai fetur a 1929. Waɗannan na farko sai mutum biyu ke iya ɗaukar su. A 1947 wani Ba'amurke mai suna Joseph Cox ya ƙera irin sarƙar da ake amfani da ita har yau, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da haƙoranta. A shekarun 1950 aka samu wanda mutum ɗaya zai riƙe, birkin sarƙa kuma bai zo ba sai farkon shekarun 1970, bayan injin ya riga ya yi ɓarna a jikin ma'aikata da yawa.

A Nijeriya dazuzzukan kudu ya fara shiga, sannan ya hauro arewa. Aikin da masu gatari uku za su wuni suna yi, inji yana gama shi kafin a sha ruwa. Dogon yaro, wanda aka shigo da shi Borno a 1928 ya bazu har ya zama inuwar titunan Birnin Kebbi da Argungu, ya zama abincinsa na yau da kullum, tare da ƙirya da marke da ake ƙonawa a yi gawayi. Madobiya kuwa an yi ta kwasarta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Injin ya zo, amma tarbiyyarsa ba ta biyo shi ba. Yaro yakan koya ne ta hanyar ɗaukar wa maigidansa jarkar fetur, wata rana a miƙa masa. Ba baƙon abu ba ne a ga mai yanka da silifas, ba hular kwano, ba abin toshe kunne, ya riƙe injin da hannu ɗaya a sama ya fizgi igiyar tayarwa da ɗayan, yara sun kewaye shi suna kallo.

Yana da kyau a fahimci yadda injin ke cutarwa, domin a nan maganar ido take warwarewa. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Mafi munin haɗarinsa shi ne tutsu: idan saman ƙarshen dogon ƙarfen da sarƙar ke kewayawa ya taɓi wani abu, ko itacen ya matse sarƙar, sai injin ya yi sama da baya ya nufo fuska da kafaɗar mai riƙe da shi, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Babu mai idon da ke ganin tutsu ya kauce. Abin da ke ceton mutum abubuwa ne da ya shirya tun kafin ya tayar da injin: yadda ya kafa ƙafafunsa, yadda ya kama mariƙin gaba da hannun hagu babban yatsa ya zagaye ta ƙasa, tsayuwarsa a gefen layin yanka maimakon bayansa, birkin sarƙa mai aiki, sarƙa mai kaifi da aka ɗaure daidai, da ƙin ɗaga injin sama da kafaɗa. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma da wuya a samu inda maganar ta zauna daram kamar nan.

Wannan fahimta ce makafin Amurka suka gina a kai. Kenneth Jernigan, makaho ne, ya karɓi shugabancin hukumar makafi ta jihar Iowa a 1958, ya sa ɗakin kafinta mai injina masu kaifi cikin horon da ake ba manya da suka makance. Manufarsa ba lallai kowa ya zama kafinta ba. Yana so ne mutumin da aka gaya wa ba zai iya zuba wa kansa shayi ba ya ji katako ya rabu biyu a ƙarƙashin hannunsa, ya fita da yatsunsa goma, daga nan ya daina tsoron sauran abubuwa. Cibiyoyin da suka biyo wannan tafarki, irin wadda aka buɗe a garin Ruston na jihar Louisiana a 1985, har rufe wa masu ɗan sauran gani ido suke yi lokacin horo, domin rabin gani yakan yaudari mutum ya kai fuskarsa kusa da kaifi. Suna da ma'auni na ƙarfe mai yin ƙara "ƙas" a kowane kashi ɗaya cikin 16 na inci, mutum yana ƙirgawa da kunne da yatsa. George Wurtzel, makahon kafinta da ya shafe shekaru yana ƙera kayan ɗaki yana kuma koyar da wasu makafin, ya yi suna har kamfanin mota na Subaru ya sa shi a tallarsa.

A karkarar Amurka akwai makafin da ke datsa itacen hunturunsu da injin sarƙa, kuma tsarin da suke bi ba ɓoyayye ba ne. Ana ɗora gungumen a kan gadon katako mai ƙafafu a gicciye, a ɗaure shi yadda ba zai mirgina ba, ɓangaren da za a yanke yana rataye a waje don kada ya matse sarƙa. Kafin a tayar da komai, mutum zai shafa itacen daga farko zuwa ƙarshe yana neman ƙusa, waya, ƙulli ko reshe, ya share ƙasa da ƙafarsa, ya tabbatar babu wani gungume a gaba da ƙarshen ƙarfen zai taɓa. Yana auna tsawo da sanda da aka yanka daidai. Yana jingina haƙoran ƙarfen da ke gaban jikin injin a kan itacen, ya san inda yake, hannayensa biyu suna kan mariƙi, sannan ya matsa. Doka mafi girma ita ce hannu ba ya zuwa lalube sai sarƙa ta tsaya cik kuma an sa birki ko an kashe injin. Yana sa wandon kariya mai zaren da ke cushe sarƙa ya tsayar da ita, da takalmi mai ƙarfi, da hular kwano mai ragar fuska.

Akwai matsala guda da ta keɓanta da makaho, kuma ba ƙarama ba ce. Gatari yana barin kunne a buɗe. Mai faskare yana jin takun yaro a bayansa, yana jin ƙarar itace ta sauya idan ya kusa tsagewa. Injin fetur kuwa ƙararsa ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan aka daɗe. Makahon da ya tayar da shi ya rasa kunnensa na wannan lokaci, in kuma ya ƙi toshe kunnen, zai rasa shi na dindindin, shi da kunne ne jarinsa. Shi ya sa na lantarki ko na batir ya fi dacewa da shi: ba ya kuka sai an matsa, da an saki ya yi shiru, mutum ya saurari abin da ke kewaye da shi. Shi ya sa kuma dole a killace wurin aikin, ko a tsayar da mutum mai hankali ya hana yara da dabbobi matsowa. A gidan Bahaushe, inda akuya da ɗan yaye ke shiga ko'ina ba sallama, wannan sharaɗi ya fi kowane nauyi.

Kayar da itace a tsaye kuwa wani babi ne daban. Mai kayarwa sai ya duba inda itacen ya karkata, da busasshen reshen da ke rataye a sama, da wayar lantarki, da yadda iska ke kaɗa kan itacen, da hanyar da zai bi ya gudu idan ya juyo masa. Babu ɗaya cikin waɗannan da hannu ke kaiwa. Duk wanda ya zuga makaho ya kayar da gawo ko maɗaci shi kaɗai don nuna bajinta, ba masoyinsa ba ne. Iyakar da hankali ya yarda da ita ita ce itacen da ya riga ya kwanta, a wurin da aka shirya, bayan horo a hannun wanda ya iya.

Idan aka dawo gida, gaskiyar magana ita ce injin sarƙa shi ne mataki na ƙarshe, kuma yawancin makafin kwarin Rima ba shi suke buƙata ba. Tsakanin tufka da wannan inji akwai ayyukan itace masu yawa da ake saye kullum a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu da Jega: ƙotar fartanya da ta gatari, muciya, allo, kujerar tsuguno, benci, akurkin kaji, goge katako da shafa masa mai, ɗaure itacen girki dami-dami. Yawancinsu zarton hannu da gizago da ma'auni mai kyau sun isa. Masassaƙi mai ido ma, idan yana fafe cikin turmi, da hannu yake shafawa ya ji inda ya yi kauri.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wannan zai amfani wanda ya yi boko. Dattijon da hawan jinin ido ya kama yana da shekara 55 ba takardar neman aiki yake jira ba, ɗakin horo yake buƙata da malamin da ba ya tsoron ba shi kaifi. Birnin Kebbi tana da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, tana da kafintoci da masassaƙa a kowace unguwa, kuma makafi suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu da suka san kowa da abin da yake yi kafin ya makance. Kira ga gwamnatin jiha da masarautun Gwandu da Argungu shi ne su haɗa waɗannan ɓangarori a buɗe ɗakin koyon aikin katako ga makafi, a fara da kayan hannu, a kuma wajabta horon kariya ga duk mai riƙe injin yankan itace a jihar, mai ido ne ko makaho. Kai kuma da ke da uba ko yaya da idonsa ya tafi, a kai shi asibiti tukuna a duba ko yana ce da za a iya cirewa. In likita ya ce ba magani, kafin a ɓoye masa kayan aikinsa, a tambaye shi abin da yake ganin zai iya ci gaba da yi.